Jar Maraɗi ko Saanen, wacce za ki ɗaure a turke?

Hajiya kin ce madara kike so saboda yara, filin kuma ɗan bayan kicin ne da bai wuce turke uku ba, shine kike tambaya tsakanin jar akuyarmu ta gida da farar nan Saanen wacce za ki saya. Toh ni duka biyun na riƙe, bari in gaya miki yadda suke.

In yawan nono ne kawai, ba haɗi. Saanen in ta samu ci da inuwa za ki tatsi lita 2 har 3 a rana, kuma tana kai wata 9 ko 10 tana bayarwa. Ja kuwa, wadda wasu ke ce wa jar Sakkwato, in kin samu rabin lita kin gode Allah, wata 3 zuwa 4 hantsar ta fara yamushewa. Amma fa Saanen 'yar Siwizalan ce, ƙasar sanyi, da bazara ta shigo sai ki ganta tsaye ƙarƙashin rumfa tana haki kamar ta yi tsere, ta ƙi taɓa harawa, nonon da kika saye ta dominsa ya ja baya. Ita ja ko a jikinta, ki zuba mata dusa da kowar wake da ɗan kanwa, in an samu 'ya'yan gawo a ƙara, shikenan. Waccan in babu harawa mai kyau da ƙulin auduga kullum asara kike kiwo, kuma kin san yadda harawa ke tsada daga Maris har ruwa ya sauka.

Inda mutane basa lissafi shine barbara. Akuya bata nono sai ta haihu, ciki wata 5 ne, kenan dole bunsuru. Na ja kowane lungu akwai, ki ara a maƙwabta kwana biyu an gama, ga yawan tagwaye. Na Saanen fa? Sai kin yi cigiya, a kasuwa ma duk farin bunsuru mai tsayi ce miki za'a yi shine, ni kaina an taɓa yi min haka. In kuma kika ajiye naki ya cinye turke ɗaya cikin ukun, yana ci baya bada komai, ga warin nan da yake kama madara in kina tatsa kusa dashi, yarana da sun kurɓa suke ture kofin. Shekara na zagayowa kuma zai hau 'ya'yansa, sai ki fara ganin ƙananan 'yan awaki marasa ƙwari.

Ciwo duka suna yi, rigakafin PPR, wato annobar nan ta awaki da tumaki, da maganin tsutsar ciki kar ki yi wasa dasu, sai dai fara tafi saurin kwanciya, ga kumburin hantsa in tatsar bata da tsafta.

Ni dai da nice ke ja biyu zan saya, wadda na ga an tatse ta a gabana. In sun haihu ki bar wa 'ya'yan dakashi su sha sosai, bayan sati biyu ki dinga raba su da uwar da daddare, da asuba ki tatsa kafin ki sake su. In hannunki ya faɗa sai ki nemo bunsurun Saanen na gaskiya a yi miki barbara ki samu 'yan ruwa biyu, sun fi uwarsu nono kuma sun fi ubansu jure rana.