Wata huɗu ina riƙe da ƴar Nokia 105, ga abin da na gani

Tun ranar da aka fara ganina da ƴar ƙaramar wayar nan a gidan biki mutane ke ta tambayata, wai babbar wayata aka sace ne ko kasuwa ce ta karye. Ba ko ɗaya wallahi, da ƙafata na je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na siyo ta, kuma yau wata huɗu kenan, shi yasa nace bari in faɗi yadda na same ta ko wata mai irin matsalata zata amfana.

Ni sana'ata turaren wuta da humra, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp da Instagram nake yi, to kun ga waya dole ce a wajena. Amma abin ya wuce ciniki. Sai in kwanta bayan isha'i da niyyar in amsa kwastoma biyu, kafin in ankara ƙarfe biyun dare tayi ina nan ina ta jan fuskar waya sama, daga lefen wata akwati goma sha biyu zuwa ɗakin amaryar da ban ma santa ba, daga nan a turo bidiyon hatsari ko na kashe-kashe a gurup ɗin dangi, in kalla kuma duk da nasan zai tsaya min a rai. Akwai daren da bazan manta ba, yarinyata tana barci a gefena hasken wayar na kan fuskarta, ni kuma gabana sai faɗuwa yake, ƙirjina yayi nauyi kamar an ɗora min dutse, babu wanda ya min komai amma hawaye nake. Da asuba da ƙyar na tashi sallah. Da Umma ta zo ta kalle ni tace "ke ƴar nan lafiyarki kuwa? idonki duk ya faɗa." Nace lafiya lau Umma, amma ni nasan ba lafiya ba.

Abin da ya ƙara tura ni shine wani bincike da aka yi a jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 2018, ɗalibai 143, aka ce wasu su rage Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har sati uku, sai aka ga kaɗaici da damuwarsu sun ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba yadda suka saba. Sati uku kacal fa. Kuma a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a soshiyal midiya haɗarin shiga damuwa da fargaba ya ninka a kansu. Ni na wuce shekarun matasan da yake magana a kai, amma da na duba lissafin wayata awa bakwai na gani a rana ɗaya.

To ita wayar. Ƴar mitsitsiya ce, ta shige tafin hannu, fuskarta bata kai inci biyu ba, layi biyu take ci, tana da tocila da rediyo da wasan macijin nan da muka sani tun muna yara. Babu kyamara, babu intanet a irin tawa, kuma dama abin da naje nema kenan. Kamfanin HMD na ƙasar Finland ne ke yin su yanzu da sunan Nokia. Batir kam sai godiya, ina yin kwana biyar zuwa shida ban sa caji ba, ranar da aka kwana uku babu wuta a unguwarmu ita ce ta haska mana har na dafa abincin dare. Murya tana fita tar, ta faɗi a siminti ya fi sau nawa, murfin ya buɗe in mayar ta ci gaba da aiki.

Yadda nake yi shine babban layina yana cikinta, babbar wayar kuma ana yin isha'i nake kashe ta in sa a durowar falo, sai ƙarfe tara na safe bayan yara sun tafi makaranta. Sati na farko gaskiya na sha wuya, hannuna da kansa yake lalube ƙarƙashin filo, in ɗauko ƴar wayar in danna in ga babu komai sai agogo, sai wani irin ƙunci ya kama ni kamar ana can ana wani abu babu ni. Har sau biyu na tashi na buɗe durowar. A sati na biyu ne na fara yin barci kafin sha ɗaya, kuma faɗuwar gaban nan ta dare ta ragu sosai, ba zance ta tafi gaba ɗaya ba amma ta ragu. Abin da yafi min daɗi ma ba barcin bane. Yarinyata tana bani labarin makaranta ina kallon fuskarta har ta gama, da can sai dai in ce "uhm, uhm" ido na kan waya. Baban su ma da kansa yace "kin ga yanzu ana hira a gidan nan."

Labarai a rediyonta nake ji, BBC Hausa da safe, in ji abin da ya faru a ƙasa ba tare da na ga gawar kowa ba. Wannan bambancin babba ne a wajena.

Amma kar in ɓoye muku inda take da wahala. Rubuta saƙo sai an danna maɓalli ɗaya har sau uku kafin wani harafin ya fito, saƙon layi biyu sai ya ci min minti biyar, yanzu kira kawai nake. Alat na banki yana shigowa kuma ana tiransifa da lambobin nan na tauraro, wannan babu matsala, sai dai kwastomar da ta turo oda ƙarfe sha ɗaya na dare bazata samu amsa ba sai safiya, kuma na rasa ciniki ta haka, akwai wadda ta sayi humra a wani wajen saboda ban amsa da wuri ba. Abin ya min ciwo a ranar. Daga baya na rubuta lokacin amsa saƙo a sitatus, yawancinsu suka saba, mai gaggawa kuma ta kira. Sanarwar biki da rasuwa a gurup ɗin dangi ita ma wani lokacin a makare nake gani, sai na roƙi Yayata in abu ne mai muhimmanci ta buga min.

Sannan dan Allah kar a ɗauke ta magani. Ni rage wayar ya taimake ni saboda damuwata da ita take haɗe, amma wadda ta kai sati biyu ko fiye bata jin daɗin komai, bata iya cin abinci, ko tana tunanin cutar da kanta, wannan ciwo ne da ke buƙatar likita, Asibitin Malam Aminu Kano suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba sai wanda ya haukace ke zuwa ba. A haɗa da addu'a, amma a je.

In zaku siya ku kula da jabu, sun yi yawa a kasuwa, ku sa layi a ciki a gwada kira da rediyon tun a shagon kafin ku biya. Ƙanwata da ke shirin jarrabawa ta karɓi tawa ta kwana biyu da ita, jiya tace "Anti ranar asabar ki raka ni in siyo irinta", na ce mata to, amma sai ta yarda babbar zata dinga kwana a ɗakin Umma.