Harbin awo da harbin ido: wanne ya kamata ka kama?

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama. Ka ce ka ƙona kwali guda, harsashi 25, kan kurciyoyi masu wucewa a bakin ruwan Lagdo, a arewacin Kamaru, biyu kacal ka ɗauka. Wani ya ce maka ka riƙa auna rata a gaban tsuntsu, wani kuma ya ce ka manta da awo, ka kafa masa ido ka ɗaga ka harba. Kana so ka san wanda ya fi gaskiya, kuma ko abin da kake gani a bidiyon masu wasan harbin faifan da inji ke cillawa sama zai yi maka aiki a daji.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. Ƙwayoyin darma na kalibar 12, wato lambar faɗin bakin bindigar, suna barin bakin bindiga da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, amma iska tana cin gudunsu tun daga fitarsu. Kafin su kai mita 30 sun cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A ce kurciyarka tana tafiyar kilomita 60 a awa, wato kusan mita 17 a daƙiƙa. A ɗan wannan lokacin ta matsa fiye da mita ɗaya da rabi, tsawon jikinta sau biyar ko shida ke nan. Ita kuwa darmar, idan ta bazu a wannan nisa, faɗin da za ka dogara da shi bai kai mita ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ɗora baki a kan tsuntsun ya ja kunama da bindiga a tsaye, iskar da tsuntsun ya bari a baya ya harba. Ina da yaƙinin can ashirin da ukunka suka tafi. Mutanenka biyu duk a gaban tsuntsu suke zuba darma idan sun samu. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana ganin ratar da idonsa, ɗayan kuma hannunsa ne yake ba da ita bai sani ba.

Mai harbin awo yana sa bakin bindiga a gaban tsuntsu da gangan. Ko dai ya fara a gaba tun farko, ya daidaita gudun bindiga da na tsuntsu, ya riƙe ratar har ya harba, ko kuma ya ɗora baki a kan tsuntsun, su yi tafiya tare na ɗan lokaci, sannan ya zare gaba ya ja kunama. Mai harbin ido ba ya lissafin komai. Idonsa na kan tsuntsu, bindiga na tasowa tana bin layinsa daga baya, ta ratsa wutsiya da jiki da kai, gindi yana taɓa kafaɗa ya harba. Tunda sai bindiga ta fi tsuntsu gudu kafin ta cim masa, kuma tsakanin niyyarka da fitar darma akwai ɗan jinkiri, to a cikin wannan jinkirin baki ya riga ya wuce gaba. Shi zai rantse maka a kan tsuntsun ya harba, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ke nan.

Wanda ya fi shahara da koyar da wannan hanya ta biyu shi ne Robert Churchill, maƙerin bindiga a Landan, wanda ya wallafa koyarwarsa a 1955. Ra'ayinsa shi ne ido da hannu sun fi tunani iya lissafi, don haka ka dubi tsuntsu ka bar su su yi aikinsu. Har bindigogi masu gajeren baki, inci 25, ya riƙa ƙerawa don su yi saurin ɗagawa. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar dawa da majajjawa, ko mai jifan zomo da sanda yana gudu, wa ya koya masa lissafi? Yau da gobe ce ta koya wa hannunsa inda zai aika. Sai dai shi yaro dutsensa kyauta ne, yana iya jifa ɗari a wuni. Kai kowace ja ta kunama kuɗi ce.

A nan ne faifai ya shigo. Ɗan faifan da ake cillawa faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa kusan giram 105. A gasar Olamfik iri biyu ake yi. Akwai tirap, inda maharbi ke tsaye mita 15 bayan ramin injuna, faifai ya fito yana gudu daga gare shi, bai san ko dama ko hagu zai bi ba. Akwai kuma sikit, mai ɗakuna biyu da faifai ke fitowa daga cikinsu, dogo da gajere, da wuraren tsayawa takwas, inda faifan ke bin hanya ɗaya da gudu ɗaya kullum. To ka ga sikit gidan awo ne. Abin da ba ya sauya hanya ana iya haddace ratarsa a kowace tsayawa kamar karatun allo, shi ya sa gwanaye ke fasa 120 da ɗoriya cikin 125. Idan ka ga mutum a bidiyo yana cewa a tsayawa ta huɗu ka ba da rata kaza, gaskiya ya faɗa, amma ga wannan faifan a wannan nisan. Kurciya ba ta san tsayawa ta huɗu ba. Ga wani bambanci da ba a cika faɗa ba: faifai da ƙarfinsa yake fitowa, yana tafiya yana sanyi, tsuntsu kuwa a hankali yake tashi yana ƙara wuta. Wanda ya saba da faifai kaɗai yakan jira abin ya lafa, sai ya iske fakara ta yi masa nisa.

Yanzu mu dawo dajinmu. Kana tafiya a gefen gonar da aka girbe, fakara ta fashe a gabanka, mita goma ko sha biyar, tana gudu daga gare ka ta ɗan karkata dama. Nan mai awo ya shiga uku, domin kafin ya gama tambayar kansa nawa zai ba da, ta shige bayan sabara. Ratar da ake buƙata ma ba ta taka kara ta karya ba. Darma tana isa mita 15 cikin ƙasa da rabin lokacin da take ɗauka zuwa mita 30, kuma tsuntsun da ke tafiya a karkace ba ya son cikakkiyar rata: idan karkatarsa daga layin idonka digiri 30 ce, rabi yake so, idan kuwa ya miƙe sak daga gare ka, ba ya son komai ta gefe. Wannan harbi na mai ido ne, babu tantama. Haka zabin daji idan sun gaji da gudu sun tashi, sai dai a nan ka zaɓi guda ɗaya ka dubi kanta. Wanda ya harbi garke bai harbi kowa ba.

Amma ka koma inda ka tsaya a Lagdo, da yamma, kurciya ko kirinjijiya na ƙetarawa a mita 35 zuwa 40. Kana hango ta tun daga nesa, lokaci ya ishe ka. A nan harbin ido yana yaudara. Tsuntsun da ke nesa gani za ka yi kamar a hankali yake tafiya, hannunka ya bi shi a hankali, bindiga ba ta samu saurin da zai kai ta gaba ba, ga darma ta yi sanyi, ratar da ake so ta haura mita biyu. Dinya ta fi kowa wannan yaudarar, girmanta yana sa ka ɗauka kusa take kuma ba ta sauri, alhali duka biyun ba haka ba ne. A irin wannan wuri dole ka ga fili tsakanin baki da tsuntsu, ka yarda da shi ko da zuciyarka na ce maka ya yi yawa. Kada ka tsaya auna mitoci a sararin sama, ba mai iyawa. Mita ɗaya da rabin nan da na lissafa maka a mita 30, a bakin bindigarka bai fi faɗin yatsu uku ba. Shi ya fi sauƙin riƙewa a ka.

Duk da haka, ko yatsu ukun nan kada ka ɗauke su aya. Idan bindigarka na tafiya daidai da tsuntsu, cikakkiyar ratar za ka gani. Idan ta fi shi gudu, kaɗan za ka gani. Shi ya sa za ka tambayi maharba biyu da suka kayar da tsuntsu iri ɗaya a wuri ɗaya, wannan ya ce kamu huɗu ya ba da, wancan ya ce a kan bakinsa ya harba. Na ga samari da dama sun lalata harbinsu wajen ƙoƙarin ganin abin da wani ya gani.

Kowace hanya da irin ciwonta. Ciwon mai awo shi ne idonsa yakan bar tsuntsu ya dawo kan bakin bindiga don ya duba ko ratar ta cika. Da ido ya dawo, hannu ya tsaya, darma ta bi baya. Wannan ya fi kama mu, domin yawancinmu da harbin tsuntsu a zaune muka fara, a rufe ido ɗaya a yi saiti kamar mai harbin gada, kuma wannan ɗabi'a ba ta sakin mutum da sauƙi. Ciwon mai ido kuwa shi ne komai ya rataya a kan yadda ya ɗaga bindiga. Tunda ba ya duban baki, dole bakin ya kasance inda idonsa yake kallo. Idan ƙota ta yi masa tsawo ko ta gaza, ko kumatunsa bai zauna a kanta ba, ko yau ya ɗora ta a kafaɗa gobe a dantse, zai yi ta kuskure bai san dalili ba. Mai awo idan ya kuskure yana iya cewa bari in ƙara kaɗan. Mai ido ba shi da abin ƙarawa, sai dai ya koma ya gyara ɗagawa.

Kafin ka sake sayen kwali, gwada idonka. Buɗe duka biyu, nuna wani abu mai nisa da yatsa, sannan rufe na hagu. Idan yatsan ya tsaya a kan abin, idon dama ne ke jan ragama. Idan ya yi tsalle gefe, na hagu ne, kuma in da kafaɗar dama kake harbi, to bindigarka ba inda kake zato take kallo ba, babu awon da zai gyara wannan. Magani shi ne ka ɗan runtse na hagun daidai lokacin ɗagawa, ko ka koma kafaɗar hagu tunda ba ka yi nisa ba.

Tsofaffin maharban da na tashi na gani a Garwa, masu bindigar toka, ba su da waɗannan sunaye, amma bindigarsu ta tilasta musu abu mafi muhimmanci. Tsakanin jan kunama da kamawar albarushi akwai jinkirin da har kunne yana ji, don haka wanda ya kuskura ya harbi abu a guje ya san idan ya tsai da hannu ya yi asara. Sai hayaƙi ya tashi hannunsu na nan yana tafiya. Mu da harsashinmu ke tashi nan take mun manta da wannan.

Idan shawarata kake so, ka fara da ta tsakiya: ɗora baki a kan tsuntsu, ku yi tafiya tare, ka zare gaba, ka harba, hannu bai tsaya ba. Taɓa tsuntsun da ka yi ya ba ka layinsa da gudunsa, zarewar kuma ta nuna maka rata da idonka, don haka idan ka kuskure ka san abin da za ka sauya. Da ka maimaita ta sosai za ka ga a kan fakara matakan sun haɗe sun zama motsi ɗaya, ka wayi gari kana harbin ido ba tare da ka yi niyya ba. Kuma rabin aikin ba ya cin harsashi. Ka tabbatar bindiga babu komai a ciki, ka tsaya a ɗaki kai kaɗai, ka riƙa ɗaga ta kana bin layin da bango ya haɗu da rufi, sau ashirin kowane dare, ƙota tana zuwa ga kumatu, kai ba ya sunkuya mata.

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma ni ban yarda da shi a kan tsuntsu ba. Kurciyar da ta tafi da darma biyu a cinya za ta mutu a wani wuri, ba ka ci ba, ba ka yanka ba. Idan za ka yi kuskure gara ka yi shi ta gaba, kuma abin da ya wuce mita 40 ka bar shi ya tafi. Sannan ka kula, duk hanyar da ke sa ka bin tsuntsu da bindiga tana ɗauke hankalinka daga abin da ke bayansa. Bakin Lagdo cike yake da masunta da makiyaya da yara masu wanki, don haka ka tsai da iyakarka ta dama da ta hagu tun kafin tsuntsu ya zo, kuma kada ka harbi wanda bai rabu da layin itatuwa ya shiga sarari ba. Takardar bindiga da ta farauta su kasance a aljihunka, kuma ka san inda iyakar gandun namun daji na Binuwai take, domin ciki ba wurin harbi ba ne.

In ka koma, ka ɗauki harsashi goma kawai, ka tsaya wuri ɗaya inda suke ƙetarawa daga hagu zuwa dama. Biyar na farko ka ninka ratar da kake jin ta isa. Ka dawo ka faɗa mini nawa suka faɗo, da kuma ko idonka na kan tsuntsun lokacin da bindiga ta tashi.