Taro a Jami'ar Ibadan: Wace Hanya Za Ka Bi, Ina Za Ka Sauka?

Malamin da aka karɓi muƙalarsa a taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Ibadan, alhali bai taɓa taka garin ba, yakan fara da neman tikiti mai rahusa, sannan ya nemi otal, sai can daga baya ya tambayi inda zauren taron yake. Shawarata a juya wannan jeri. A fara sanin zauren, a zaɓi masauki gwargwadon kusancinsa da zauren, sannan a zaɓi hanyar da za ta sauke mutum a ɓangaren garin da masaukin yake. Ibadan gari ne mai faɗin gaske, ya bazu a kan tuddai, kuma kuɗin da ka rage a tikiti ko a ɗaki kana iya zubar da ninkinsa a motar haya da cunkoso.

Ka kira masu shirya taron su faɗa maka sunan zauren da bakinsu. Jami'ar, wadda aka kafa a 1948, tana arewacin garin a kan hanyar Oyo, kuma harabarta babba ce. Zauren Trenchard yana tsakiya, kusa da ginin hukumar gudanarwa. Babbar cibiyar taron ƙasa da ƙasa kuwa tana wajen ƙofa ta biyu, ta ɓangaren unguwar Ojoo, kuma daban take da tsohon ɗakin taro da ke can ciki mai suna kusan iri ɗaya, wanda kan rikita baƙo. In kuma taron na likitoci ne ko na ma'aikatan jinya, mai yiwuwa ba a wannan haraba yake ba sam, yana asibitin koyarwa na jami'ar, wato UCH, wanda ke cikin gari kusa da Mokola. Wanda ya kama ɗaki a Ojoo alhali taronsa a UCH yake, ya ɗaurar wa kansa tafiya safe da yamma.

Daga Arewa hanya uku ce mai ma'ana, kuma kowace da irin mutumin da ta dace da shi.

Ta farko jirgin sama kai tsaye zuwa filin jirgin Ibadan da ke Alakia, a gabashin garin. Wannan ta fi dacewa da mutanen Abuja da kewaye, da mutumin Kaduna da zai hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu a Abuja. Daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yawanci sai an canza jirgi a Abuja, wato tikiti biyu ke nan. Matsalarta ƙarancin jirage: in aka soke tashin ranar, da wuya a samu wani a yinin. Don haka kada wanda muƙalarsa ke ranar farko ya dogara da jirgin safiyar ranar. Sannan daga Alakia zuwa jami'a sai an ratsa ta mahaɗar Iwo Road, wurin da cunkoso ya zama ruwan dare, musamman da yamma.

Ta biyu ita ce na fi ba mutumin Kano shawarar bi: jirgin sama zuwa Legas, sannan jirgin ƙasa zuwa Ibadan. Jiragen Kano zuwa Legas sun fi yawa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Layin dogon Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 2021, tsawonsa kilomita 157 ne, ana yin kusan awa biyu da rabi, da na'urar sanyaya ɗaki da kujerar da mutum zai iya buɗe kwamfutarsa ya sake duba muƙala. Abu biyu ne suka sa na fifita ta. Na ɗaya, ba dole ka shiga can cikin Legas har tashar Ebute Metta ba, domin jirgin yana tsayawa a Agege, wadda ta fi kusa da filin jirgin Murtala Muhammed, kuma unguwa ce da Hausawa suka daɗe a cikinta, ba za ka rasa mai nuna maka hanya da inda za ka yi salla ba. Na biyu, tashar ƙarshe tana Moniya, a arewacin Ibadan, ɓangare ɗaya da jami'ar. Daga nan sai ka gangaro ta Ojoo ka iso ƙofa ba tare da ka ratsa tsakiyar gari ba. Ka lura, jirgin yana tsayawa a Omi-Adio kafin Moniya, ita ma a ƙasar Ibadan take, amma ba nan ce tasharka ba. Ka zauna sai ƙarshe.

Aibin wannan hanya shi ne jirgin ƙasan ba ya tashi sau da yawa a yini, kuma ba ya jiran kowa. In jirgin samanka ya yi jinkirin awa uku, kamar yadda jiragenmu na cikin gida suka saba, ka rasa shi. Saboda haka ka ɗauki jirgin farko na safe daga Kano, ka sayi tikitin jirgin ƙasa na yamma tun kana gida, ka riƙe katin shaidarka a aljihu. In duk da haka ya wuce ka, akwai motocin haya a unguwannin Ojota da Berger na Legas masu bin babban titin Legas zuwa Ibadan. Sai dai titin nan ba shi da tabbas, yau awa biyu, gobe biyar, kuma ka tambayi direba tun kafin ka biya ko zai kai Ojoo ne ko a unguwar Challenge da ke kudancin Ibadan ko Iwo Road zai sauke.

Ta uku mota tun daga gida, kuma ita ce mafi araha nesa ba kusa ba. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke ɗaukar nauyin kansa, wannan ce hanyarsa, kuma babu abin kunya a ciki. Amma ya san cewa hanyar motar biyu ce. Akwai wadda ke bi ta Mokwa da Jebba da Ilorin da Ogbomoso da Oyo, wadda mutanen Sakkwato da Kebbi ke shiga ta Yawuri da Kontagora. Wannan tana shigo da kai ta Ojoo, dab da jami'a. Akwai kuma ta Abuja da Lokoja da Okene da Akure, wadda ke shigowa ta hanyar Ife ta ƙare a Iwo Road. Kowacce tafiyar yini ce cur, sau da yawa har a haɗa da dare, ga tireloli da tankoki, ga wuraren da tsaro bai inganta ba. Ban yarda da tafiyar dare a waɗannan hanyoyi ba ko kaɗan, komai rahusarta. Wanda zai bi mota ya tashi da asuba, ya ba kansa kwana guda na hutawa kafin ranar buɗe taro. Mutumin da ya kwana a kujerar bas ba zai iya tsayawa gaban farfesoshi ya kare bincikensa yadda ya kamata ba.

Batun masauki ya fi na hanya muhimmanci, domin hanya sau biyu za ka bi ta, masauki kuwa kullum.

Mafi dacewa shi ne otal ɗin jami'ar da ke cikin haraba. Za ka tashi ka taka ko ka hau keke napep zuwa zaure, ka dawo ka huta tsakanin zama da zama, ga babban masallacin jami'a kusa. Wani amfanin da ba a cika lissafawa ba: manyan baƙin taro sukan sauka a nan, kuma hirar da ake yi wajen karin kumallo takan haifar da abin da zaman zaure bai haifar ba, kamar samun mai duba bincike ko gayyatar rubutu a mujalla. Ɗakunan ba su da yawa, suna cika da wuri, don haka a kama tun ranar da takardar gayyata ta iso. Kada a sa ran ƙawa irin ta sababbin otal-otal, kusanci ake saya.

In an rasa nan, Bodija ce ta biyu. Unguwa ce mai natsuwa, da otal-otal na matsakaicin farashi da gidajen haya na 'yan kwanaki, kuma tana tsakanin jami'a da UCH, saboda haka ta dace da kowane taro. Malamai uku ko huɗu daga sashe ɗaya za su iya haɗa kuɗi su kama gida mai ɗakuna da kicin, ya fi musu sauƙi. Malamar da ta zo ita kaɗai ma nan na fi so mata. Agbowo, wadda ke fuskantar babbar ƙofa, unguwar ɗalibai ce: arha, kusa, abinci ko'ina, amma hayaniya da lunguna, kuma ingancin ɗakunan ya bambanta ƙwarai. Kada ka biya kuɗin kwana uku a can sai ka ga ɗakin da idonka. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke hanyar Moniya tana da masauki mai tsafta da tsaro a cikin fili mai itatuwa, sai dai tsada, kuma sai da mota.

Sai Sabo. Bahaushe ya ji Ibadan, Sabo ce ke fara zuwa masa, kuma da dalili. Unguwar, wadda ke dab da Mokola, tana nan tun 1916, fataken goro da na shanu ne suka raya ta, kuma har yau a can za ka samu tuwo da masa da tsire da shayi irin na gida, da masallaci, da 'yan canji, abin da zai amfani ɗan'uwa daga Maraɗi ko Damagaram da ya zo da sefa. In kana da dangi a can, ko taronka a UCH yake, sauka a Sabo daidai ne. Amma in taron a babbar haraba yake, ni dai ina ganin a kwana kusa da zaure, a je Sabo da yamma a ci abinci a gaida mutane. Titin Mokola zuwa Sango zuwa jami'a yakan cushe da safe, daidai lokacin da ake buɗe zama. Ga kuma wani abu da ya kamata a faɗa da gaskiya: gidan dangi karamci ne, amma baƙo ba ya iya rufe ƙofa ya ce yana gyara muƙala alhali ana shigowa gaishe shi.

Kafin ka tura kuɗin ɗaki ko'ina, ka yi tambaya huɗu ta waya: ƙarfe nawa ake kunna janareta kuma ƙarfe nawa ake kashewa, akwai ruwa a banɗaki, akwai mashaya ko wurin kiɗa a harabar, kuma suna ba da rasit mai hatimi? Ta ƙarshen nan ta shafi duk wanda TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko jami'arsa ta biya wa kuɗin halartar taro, domin in ya dawo sai ya gabatar da shaidar kashewa, kuma ƙananan masaukai da gidajen haya da yawa ba su da rasit ɗin da ofishin kuɗi zai karɓa. Ka ajiye har da guntun tikitin shiga jirgi.

Zirga-zirgar cikin gari ba ta da wuya. Ƙananan tasi ƙirar Micra su ne motar kowa, ana cusa mutum biyu a kujerar gaba, suna da arha in ka san sunan tashar da za ka sauka. Ranar isowa da kaya, gara ka kira tasi ta manhajar Bolt a waya. Acaɓa akwai, amma daminar Ibadan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ruwa yana sauka ba sallama, don haka lema ta shiga jaka. Abinci kuwa kada ya dame ka, Musulmi suna da yawa a garin, kuma ya kamata ka ɗanɗana amala da miyar gbegiri da ta ewedu ko sau ɗaya.

Ga masu tarihi da harshe da nazarin addini, ina roƙon su ƙara kwana ɗaya a lissafi. Reshen Ibadan na gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana cikin harabar jami'ar, kuma ɗakin karatu na Kenneth Dike yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, da dama daga cikinsu na malaman Arewa ne. A taho da takardar gabatarwa daga shugaban sashe, a kuma sa ranar ta faɗo cikin kwanakin aiki, sannan a sayi tikitin komawa na washegarinta.