Ajin Ingilishi na dare a unguwar Zariya: abin da jaka biyar ta saya mini

Wata uku ke nan ina zuwa wani ajin koyon Ingilishi bayan isha'i a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ni mahauci ne, kilishi nake kaiwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma na gaji da a miƙo mini takarda a bakin iyaka in tsaya ina juya ta. Jaka biyar ce a wata, dare uku a sati.

Bari in fara da laifinsu. Bencinan na ƴan lakwal ne, gwiwata har haɓa take kaiwa. In wuta ta ɗauke, da fitilar salula ake ƙarasa darasi. Mushen kuma, wato malaminmu, ba ya jin kunyar makara.

Daren da ya sa na yafe masa duk wannan, courage ya rubuta a allo. Na ce, "Mushe, ai wannan Faransanci ce, ita muke jefa wa mai aiki cikin rana." Ya ce, "Malam, ka yi gaskiya, aro ce." Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi, wannan ta shiga wajen 1300. Tushenta cor na Latin, wato zuciya, uwar coeur da muka haddace muna yara. Ashe ƙarfin zuciyarmu ne dai, ya sa kwat.

Sai ya ƙara wata, pluck, yana kallona yana murmushi. Asalin ma'anarta fizgewa. Mahautan Ingila haka suke kiran zuciya da hanta da huhu, don a tare ake fizgo su daga cikin dabba. A ƙarni na 18 ƴan dambensu suka ɗauke ta suna yabon wanda ba ya ja da baya, daga nan ta zama jarunta. Wallahi dariya ta kuɓuce mini. Abin da hannuna ke yi kullum da asuba ke nan a mahauta, kuma ko a nan wa ya gaji dambe in ba mu Rundawa ba? Har gida na kai wa Baba labarin, ya ce to su ma sun san wani abu.

Sai dai mushen nan in ya kama saiwar kalma ba ya sakinta sai lokaci ya ƙare. Mai gaggawar Ingilishin ciniki zai ji haushi, don ni har yau takardar duwan, wato kwastan, sai an karanta mini rabinta. Duk da haka na biya na wata na huɗu jiya, kuma yanzu da kujerata nake zuwa, ɗaure a bayan babur.