Kamera ta shago: mai waya da akwati, ko mai layi da sola?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Tsakanin biyun da ka ajiye mana, wato kamera huɗu masu waya da akwatin naɗinsu, da waccan ƙarama mai cin layin waya da fanon sola a kanta da aka kawo maka talla, ɗauki mai waya. Ka haɗa ta da batir. In kuɗin bai kai ba, rage yawan kamera, kada ka rage batir.

Ni irinta ce a shagona na kayan babur, ta Hikvision, ido huɗu: ɗaya a kan teburin kuɗi, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya cikin mangaza, ɗaya tana kallon titi inda ƴan kabu-kabu ke jingine baburansu. Abin da ya sa nake yabonta ba ɓarawon dare ba ne, don Alhamdu lillahi ba a taɓa fasa mini ba. Wata rana ce da yamma wani dattijo ya sayi sarƙa da fulogi, ya tafi, can sai ga shi ya dawo ransa a ɓace, ya ce jika goma ta sefa ya ba yarona amma canjin jika biyar aka ba shi. Yaron nan marayan ƙanwata ne, bai iya gardama da babba ba, sai ido ya cika da hawaye, mutane sun fara taruwa, kowa da abin da yake faɗi. Na ce Baba zauna ka sha ruwa. Muka mayar da hoton baya, muka tsayar da shi daidai inda takardar ta fito daga aljihunsa. Tsanwa ce shar, jika biyar. Kowa ya san jika goma shunayya ce, babu mai rikita su in hoto ya fito da kala. Dattijon ya laluba ɗaya aljihun, ya tarar da gomansa a ninke. Wallahi har ƙasa ya so ya durƙusa wa yaron, muka hana shi. Har yau wurinmu yake sayen kaya, kuma duk zuwa sai ya riƙo wa yaron goro ko dabino. Tun ranar na gane mafi yawan aikin kamera a shago da rana take yinsa: canji, bashi, "na kawo kaya" da "ba ka kawo ba", da wanke wanda ba shi da laifi.

Abin da ya sa muka samu wannan hoton shi ne akwatin yana naɗa dare da rana ba tsayawa. Nan ne babban bambancin yake. Mai sola da layi, irin wadda ake sayarwa da araha, barci take yi don ta tattala batirinta, sai ta ji motsi ta farka ta ɗauki ƴan daƙiƙu ta koma. Kafin ta farka hannu ya riga ya shiga aljihu ya fito. Kuma abin da ke tashinta ɗin zafin jikin mutum yake ji, yana bambanta shi da zafin wurin. To a Damagaram, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma jikin ɗan Adam yana kan 37, me zai bambanta? Mutum sai ya gifta ba ta sani ba. Ina da guda a aljihun tebur, in kana so ka aiko yaro ya karɓa kyauta. Amfaninta ɗaya na yarda da shi: garka, ko garken dabbobi a bayan gari, ko fili da ake gini inda babu wuta babu wanda zai ja waya.

Masu Wi-Fi na cikin ɗaki, irin Ezviz da Imou, sun fi ta nesa ba kusa ba, don daga gidajen Hikvision da Dahua suka fito, kuma suna iya naɗi ba tsayawa in suna kan wuta. Sai dai hotonsu a ɗan katin memori yake zama, cikin jikin kamerar. Wanda ya miƙa hannu ya tsinke ta ya tafi da shaida gaba ɗaya. Ga ƙofar ƙarfe da rufin kwano da bangon siminti, duk suna cinye siginal. Ta yi daidai da falon gida, a ga yara sun dawo daga makaranta. Dukiyar kasuwa kuwa a'a.

A cikin masu wayar ma iri biyu ne, kuma mai sayarwa zai so ya tura ka ga mai tsada. Akwai mai akwatin DVR, wadda ke amfani da waya mai kauri irin ta eriyar talabijin. Akwai mai akwatin NVR, wadda ke amfani da wayar intanet, waya ɗaya ta kai hoto ta kai wuta, har tsawon mita 100. Ta biyun ta fi tsabtar aiki, hotonta ya fi kaifi, kuma in kana da babban wuri kamar gidan mai ko makaranta ita zan ce maka. Shago ɗaya da mangaza kuwa DVR ta ishe ka, kuma tana da wata fa'ida da ta dace da garinmu: ƙaramin akwatin da kamerorinsa duk volt 12 suke ci, daidai da batirin sola. Ma'aikaci da ya san hannunsa zai haɗa maka su kai tsaye da batir, ya sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani saboda batir yana haura 14 in yana caji. Ba ka buƙatar inbata. Mai NVR da ke ba kamera wuta ta cikin waya tana neman wuta mai ƙarfi fiye da haka, dole sai da inbata ko ondilar, ƙarin kuɗi da ƙarin abin lalacewa.

Maganar wuta ba sai na tuna maka ba. Yankinmu da Maraɗi layin da ke zuwa daga Katsina muke dogara da shi tun da daɗewa, kuma kowa ya ga yadda aka yi a watan Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai cikin Maris na 2024 aka maido. Ɓarawo kuma duhu yake jira. Kamera huɗu da akwati da faifansa, in dare ya yi fitilunsu na gani-cikin-duhu suka kama, abin da suke ja bai wuce wat 40 ba. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kusan wat-awa 1200. Rabi kawai ake so ka ci in kana son ya daɗe, wato 600. Raba da 40, ka samu awa 15. Daga rufe shago bayan isha'i har buɗewa da safe ka wuce lafiya, da saura. Talabijin ɗin kallo kada ka ɗora shi a kan wannan batir, kashe shi in za ka tafi, akwatin ba ya buƙatarsa don ya yi naɗi. Kuma ka gargaɗi yara kada su mayar da batirin wurin cajin waya da kunna fanka.

Sai faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira dis dir. Kamera mai megafiksel 2, wato 1080p, a kan naɗi na yau da kullum tana cin abin da ya kai giga 20 a yini. Huɗu sun ci 80 da ɗoriya. Faifai mai tera 1 zai riƙe maka kwana 11 ko 12, sannan ya fara share na baya yana rubuta sabo. In akwatin yana da tsarin matse hoto na H.265, a kunna shi, yana rage girman kusan rabi, sai ka samu wajen mako uku. Wannan lissafin ka riƙe shi da kyau, don satar cikin gida ba a gano ta ranar da aka yi ta, sai an zo ƙidayar kaya a ƙarshen wata. Ni shawarata tera 2. Kuma ka ce WD Purple kake so ko Seagate SkyHawk, su aka ƙera don su yi ta juyawa ba hutu. Na kwamfuta ba a yi shi don wannan wahalar ba.

Kada lambar megafiksel ta ruɗe ka. Inda aka kafa kamera ya fi lambarta muhimmanci. Yawancin masu kafawa can ƙololuwa suke kai ta don kada a taɓa, sai ka zo neman fuska ka tarar da hula da rawani kawai. Ta bakin ƙofa a sauko da ita kaɗan sama da tsayin mutum, tana fuskantar mai shigowa. Kada ta kalli hasken waje kai tsaye daga cikin duhun shago, in ba haka ba duk mai shigowa baƙar inuwa zai zama. In dole ne sai ta kalli ƙofa, a nemi mai WDR, wato mai daidaita haske da duhu. Ta kan tebur ta leƙo daga sama ta ga hannu da aljihun kuɗi. Ta waje ta kasance mai lambar IP66 ko IP67, saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Da dare masu fitilar infrared fari da baƙi suke nunawa, nisan mita 20 zuwa 30. Masu kala da dare, ColorVu a wajen Hikvision, Full-color a wajen Dahua, sun fi tsada kaɗan, amma guda ɗaya a waje ta cancanta, don "baƙin babur ne ko ja" ita ce tambayar farko da za a yi maka a komisariya. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi duk mako, da damina kuma a share yanar gizo-gizo, don ƙwari na bin fitilar, gizo na bin ƙwari, da dare sai ka ga fari fat.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka halin wasu masu sayarwa da masu kafawa, don nan ake cin mutane. Akwai mai manna takardar babban kamfani a jikin kamerar da ba ta da uba. Gwajin mai sauƙi ne: ta gaskiya tana da lamba a jiki da a kwali iri ɗaya, kuma akwatin zai shiga manhajar kamfanin, Hik-Connect ko DMSS, a gabanka. In ya ce sai dai wata manhaja daban, ka ajiye masa kayansa. Akwai mai sa maka tsohon faifai da aka ciro daga matacciyar kwamfuta ya karɓi kuɗin sabo. Ka ce a buɗe ledar a idonka. Akwai wayar da ake cewa tagulla ce alhali alminiyam ce aka shafa wa ruwan tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, in ta yi fari ka san sauran. Irin wannan wayar ita ke sa hoto rawa da dare idan fitilu suka kama. Katin memori ma haka, a rubuta 128 a jiki, cikinsa bai kai rubu'in haka ba. Sai masu rubuta 4K da manyan haruffa a kwalin abin da ko lambar babur ba ya iya karantawa daga taku goma. Kada ka biya sai an kunna an gwada, da rana da kuma bayan magariba. A rubuta maka faktir, wato rasit, da lambar kowace na'ura da tsawon garanti, kuma ka karɓi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku kafin ka tsayar da ɗaya. In Kano za ka aika a sayo maka, to ka tabbata akwai wanda zai karɓi kayan in sun zo da matsala, don garantin da ke ƙetaren iyaka wahalar bi gare shi.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne lambar sirri. Mai kafawa da yawa yana buɗe asusun da lambar wayarsa, ya ɗaura akwatinka a kai, sannan ya ba ka izinin kallo kamar baƙo. Ma'ana yana ganin teburin kuɗinka daga ɗakinsa, ya san lokacin da kake rufewa, ya san inda kake ajiye makulli. Ranar da kuka ɓata kuma sai ka bi shi kana roƙo ya sake maka kayanka. A buɗe asusun da lambarka, a wayarka, kai za ka shigar da kalmar sirri da hannunka bayan ya gama, kuma ba shekarar haihuwarka ko 12345 ba. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kamerori da akwatunan naɗi a duniya ta hanyar kalmomin sirrin da aka bari yadda suka fito daga kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i.

Kallo daga waya kuwa yana yiwuwa da mai wayar ma, ƙaramin modem mai layin Airtel ko Moov ko Zamani ake haɗa wa akwatin, wanda ya fi kamawa a unguwarku. Naɗin ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, kallon nesa ne kawai ke ci. In ka buɗe hoto mai kaifi awa guda zai iya lashe kusan giga ɗaya, mai sauƙin kuwa wajen rubu'in haka, don haka ka bar shi a kan mai sauƙi sai in wani abu ya faru. A duba agogon akwatin ma. Da yawa suna zuwa da lokacin Sin, wanda ke gabanmu da awa 7, kuma hoton da kwanan wata da lokacinsa suka saɓa, mai laifi zai samu bakin musu.

Akwatin kada ya zauna a kan tebur kusa da talabijin inda kowa ke gani. A sa shi a sama cikin mangaza ko cikin akwatin ƙarfe mai ramukan iska da kwaɗo, a ja waya ɗaya zuwa allon kallo. Ka liƙa sanarwa a ƙofa cewa akwai kamera, ka gaya wa yaranka tun ranar farko, kuma kada ido ɗaya ya leƙa gidan maƙwabci ko wurin da mata ke shiga. Ƙasarmu Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumarta, HAPDP, don haka in ka kama wani a hoto, komisariya za ka kai, kada ka watsa fuskarsa a WhatsApp. Maigadinka kuma ka bar shi a bakin aikinsa, kamera ba ta ihu ba ta bin kowa da sanda.

Abin da za ka ce wa mai kaya ke nan: DVR mai ƙofa takwas, wato mai ɗaukar kamera takwas, ko da kamera huɗu za ka fara da su, don gobe za ka so ƙari, kamera masu megafiksel 2, ta waje mai kala da dare, faifai tera 2, wayar tagulla zalla cikin bututun roba saboda ɓera da rana, batir mai amfiya 100 da fanonsa. In ka tashi kafawa ka yi mini magana ta gefe, in zo mu tsaya tare a zaɓi wuraren da za a huda.