Kafin ka sayi sabon akodiyon: ido, kafaɗa da kunne

Duk wanda ya tsaya gaban jerin akodiyon, abin kiɗan nan mai zugazugi da ake ratayawa a ƙirji, a shagon kayan kiɗa, idonsa ne ke fara ciniki. Ga ja mai sheƙi, ga fari tas, ga baƙi wuluk da aka yi wa ado da duwatsu masu walƙiya. Kafin mai shago ya buɗe baki, zuciya ta riga ta zaɓa. Sai dai ido kallo kawai zai yi. Kafaɗa ce za ta ɗauki kayan, kunne kuma shi zai zauna da muryarsa shekara da shekaru. Shi ya sa nake ganin a fara da tambayar da ba ta da alaƙa da launi ko kaɗan: wane irin kiɗa za ka yi da shi?

Amsar ita za ta kai ka ga ɗaya daga cikin gidaje uku. Akwai mai madannai irin na fiyano a hannun dama, wanda shi aka fi sani, kuma shi ya fi sauƙin samun malami da littattafan koyo. Akwai mai maɓallai jeri uku zuwa biyar wanda ke da dukkan sautuka goma sha biyu. Shi Faransawa da Rashawa suka fi riƙewa, kuma tsarin maɓallansa kashi biyu ne, na C da na B, na B ɗin shi ne na akodiyon Rasha da ake kira "bayan". Amfaninsa shi ne sautuka da yawa a ɗan ƙaramin fili, yatsu ba sa doguwar tafiya. Na uku shi ne mai maɓallan da kowannensu ke ba da sauti biyu, ɗaya in ka ja zugazugin, wani daban in ka tura. Wannan shi ne na kiɗan arewacin Meziko da Texas, da vallenato na Kolombiya, da na Ayalan, da na mutanen Cajun a Louisiana. Ba shi da nauyi, yana da zafin kiɗa, amma a ɗaure yake da 'yan ki kaɗan, wato jerin sautukan da ake gina waƙa a kansu: mai jeri uku irin Hohner Corona II ana sayar da shi ne a G-C-F, ko F-B♭-E♭, ko A-D-G. In mawaƙin da kake bi ya ɗauko waƙa a ki ɗin da ba ka da shi, sai dai ka yi ta lalube ko ka nemi wani akodiyon. Wannan zaɓi na farko ba a gyara shi da kuɗi daga baya, domin hannun da ya saba da ɗaya sai ya koma ɗan koyo a ɗayan.

Yawancin masu saye mai madannan fiyano za su ɗauka, don haka a kansa zan daɗe.

Ana auna girmansa da lamba biyu: yawan madannan dama da yawan maɓallan bas na hagu, wato na sauti mai kauri. Cikakken girma shi ne 41 da 120. Ƙasa da shi akwai 37 da 96, sai 34 da 72, sai 26 da 48, sai ɗan ƙaramin nan mai bas 12. Mutane da yawa na ganin 120 su ɗauka ya ninka 72 wajen yawan sauti. Ba haka ba ne. A tsarin Stradella, wanda shi ne a kusan duk akodiyon irin wannan, maɓallan hagu layi shida ne: biyu na bas zalla, huɗu na haɗaɗɗun sautuka, wato majo, maino, na bakwai da ragagge. Sautukan asali goma sha biyu ne kacal. Shida sau goma sha biyu, 72 ke nan, ma'ana mai bas 72 ya riga ya ƙunshi kowane ki. Ƙarin da ke kan 96 da 120 maimaici ne a sama da ƙasa, don kada hannu ya yi dogon tsalle daga wannan ƙarshe zuwa wancan in ana kiɗa a ki mai nisa da C. Maimaicin yana da amfani ga ƙwararre, amma mai koyo zai iya shekaru bai taɓa waɗannan maɓallan na gefe ba, alhali kullum yana ɗauke da nauyinsu.

Nauyin kuwa ba wasa ba ne. Mai bas 48 yana kai kilo 5 zuwa 6. Mai 72 wajen kilo 7 zuwa 8. Cikakken 120 mai muryoyi huɗu yakan tashi daga kilo 10 zuwa 12, wani ma ya zarce. A shago, minti biyar a kafaɗa, duk ɗaya suke. A minti na arba'in ne ake gane bambanci, lokacin da kafaɗar hagu ta fara zafi, ƙugu ya fara ƙorafi, hannun da ke jan zugazugi ya yi sanyi. Ka tuna rabin kayan, wato ɓangaren bas gaba ɗaya, hannun hagu ne ke fitar da shi yana dawo da shi a kowane layin waƙa. Akodiyon da ya fi ƙarfin mai shi a akwati yake ƙarewa, kome tsadarsa.

Gwajin girma mai sauƙi ne. Zauna a kujera marar hannu, ka rataya shi, ka daidaita maɗauran. Ƙasan madannan ya sauka a kan cinyarka ta dama daga ciki, zugazugin a kan cinyar hagu, samansa kuma ya tsaya ƙasa da haɓarka ba tare da ka ɗaga kai ba. In sai ka miƙa wuya kafin ka leƙa gaba, ya yi maka tsawo. Tsawon allon madannai na cikakken 41 kusan santimita 49 ne, amma ana ƙera masu 41 ɗin da aka matse zuwa 43 ko 45, da siraran madannai, don masu ƙaramin jiki. Mai kaurin yatsu ya yi hattara da waɗannan, zai riƙa danna biyu a wurin ɗaya.

In aka tambaye ni, ga babban mutum mai fara koyo zan ce 34 da 72, ko 37 da 96 in yana da jiki kuma ya san zai yi nisa. Mai bas 48 ya dace da yaro ko mai yawan tafiya, amma a duba tsarinsa: wani layi shida ne sau takwas, wani huɗu sau goma sha biyu, na farko yana da dukkan nau'in haɗin sauti a ki takwas, na biyu yana da kowane ki amma majo da maino kawai. Mai bas 12 kuwa ba shi da maino sam, cikin 'yan watanni za a wuce shi. Wanda ya nufi kiɗan gargajiyar Turai na makarantun kiɗa, shi kam ba makawa sai 120, kuma mai makunnin da ke mayar da maɓallan hagu su zama sautuka ɗaiɗai.

Yanzu murya. Abin da ke kuka a cikin akodiyon siraran harsunan ƙarfe ne da iska ke kaɗawa, an ɗaure su a faranti, an manna farantin a jikin katako da kakin zuma haɗe da ƙaro. Kowane sauti yana da harshe biyu, na ja da na turawa. Kuma madanni ɗaya zai iya buɗe wa saiti biyu, uku, huɗu ko biyar iska a lokaci guda. Su ake kira muryoyi. Cikakken akodiyon mai murya huɗu a dama da biyar a hagu yana ɗauke da harsuna 448. Daga nan nauyin yake, daga nan kuma tsadar take.

A takardar bayani za ka ga haruffa kamar LMM, LMMH ko LMMM. L ita ce murya ta ƙasa mai kauri, M ta tsakiya, H siririya ta sama, tsakanin kowace da mai bi mata oktaf ɗaya, wato sautin ɗaya ne amma a hawa na gaba. Makunnan da ke saman madannai, masu hoton da'ira da ɗigo-ɗigo, su ke zaɓar wacce za ta yi magana. Kada yawan makunnai ya ruɗe ka. Ka ƙirga muryoyin. Ana samun akodiyon mai makunnai tara wanda biyu ko uku daga ciki abu ɗaya suke bayarwa.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne a kan M biyu ko uku ɗin nan. Ba daidai ake saita su ba. Da gangan ake ɗaga ɗaya kaɗan, don in sun yi kuka tare a ji rawar murya. In harshe ɗaya yana kan 440 a sautin A, wato yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayan yana kan 442, za ka ji muryar tana kaɗawa sau biyu a daƙiƙa, a hankali, da taushi. In aka kai shi 445, sau biyar ke nan, muryar ta zama mai karkarwa sosai. Makaɗa suna kiran mai yawan karkarwa jiƙaƙƙe, marar ita kuma busasshe. Muzet na Faransa da kiɗan rawa na Sikotilan jiƙaƙƙu ne sharkaf, sau da yawa da M uku. Suna ratsa hayaniyar ɗakin rawa ba tare da lasifika ba. Jaz da tango da kiɗan makaranta sun fi son busasshe, saboda haɗin sautuka masu sarƙaƙiya yakan dagule in murya tana rawa, kuma mai goge ko mawaƙin da ke gefenka zai sha wuya wajen gane ainihin sautin da zai bi. Ni dai na fi karkata ga matsakaici ga wanda bai tsayar da salo ba, domin jiƙaƙƙe sosai yana da daɗi a waƙa ta farko, a ta goma kunne ya fara gajiya. Ana iya sauya saitin daga baya, amma sai mai gyara ya bi harsunan ɗaya bayan ɗaya da magagari, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Ka kuma tambaya ko a 440 aka saita shi gaba ɗaya ko a 442, musamman in da wasu za ka riƙa kiɗa. Akodiyon ba ya da kunnen murɗawa irin na jita, su ne za su biyo ka.

Sai kasoto, wani ɗan ɗaki a cikin jikin akodiyon inda ake ɓoye saiti ɗaya ko biyu, yawanci L da M ɗaya. Sautin sai ya zagaya kafin ya fito, kaifinsa ya ragu, ya yi zagaye da ɗumi. Masu jaz suna mutuwar sonsa. Yana ƙara nauyi da farashi ƙwarai, kuma mai kiɗan rawa a fili, wanda kaifi yake nema, bai rasa kome ba in babu shi.

Ingancin harsunan kansu mataki-mataki ne: na inji, sai wanda Italiyawa ke kira tipo a mano, sai a mano, wanda aka ƙera da hannu. Bambancin ba a ƙara yake ba, a amsawa yake. Danna madanni ɗaya, ka ja zugazugin a hankali iyakar iyawarka. Harshe mai kyau zai fara magana da ɗan numfashi kaɗan, ya tashi da kai har zuwa ƙarfi ba tare da ya shaƙe ba. Na banza sai ka ji fuuu na iska tukuna, sannan sauti ya faɗo. Gwada wannan a madannin can ƙasa da na can sama, a ja da turawa, domin a nan ne araha ke tona asirin kanta.

Batun kyan gani bai kai waɗannan nauyi ba, amma ba zan ce banza ne ba. Kayan da kake sha'awar kallo ka fi yawan ɗaukarsa. Yawanci seluloid ne, wata irin roba mai sheƙi, ake lulluɓe katakon da shi, wasu kuma fenti, wasu a bar katakon a fili, kamar yadda kamfanin Castagnari ya yi suna da shi. Baƙi yana shiga kowane taro amma yana nuna sawun yatsa, fari yakan yi rawaya in ya daɗe. Duwatsun ado ba sa ƙara kome a sauti, kuma suna faɗuwa. Abin da ya cancanci ido shi ne aikin hannu: madannan a jere suke ɗaya bai fi ɗaya tsayi ba? Kusurwoyin ƙarfe na zugazugi sun zauna daram? Ragar gaba tana kakkaɓi in an yi bas mai ƙarfi? Maɓallin C na hagu yana da ɗan rami ko alamar da yatsa zai gane ba tare da kallo ba?

Sunan da ke goshi ma a karanta shi da lura. Tun da Cyrill Demian ya yi rajistar kayan a Vienna a 1829, garuruwa ƙalilan ne suka riƙe sana'ar: Castelfidardo a Italiya, inda Paolo Soprani ya fara a 1863 kuma inda su Pigini, Bugari, Scandalli da Victoria suke, Trossingen a Jamus, gidan Hohner tun 1857, da Klingenthal, gidan Weltmeister. Yau yawancin sababbi masu sauƙin kuɗi a Sin ake ƙera su, har da ƙananan samfuran Hohner irin Bravo, kuma akwai nagari a cikinsu. Abin gudu shi ne suna mai kama da na Italiyanci wanda ba wanda ya san masana'antarsa. Ka tambayi inda aka ƙera shi da wanda ya yi harsunan. In mai sayarwa ya fara kame-kame, ka sami amsa.

Akwai kuma na lantarki, irin V-Accordion da Roland ta fitar a 2004. Ba harsuna a ciki, don haka ba saiti da zai goce, kana iya sauya jiƙaƙƙe zuwa busasshe da danna maɓalli, ka kuma yi atisaye da dare da abin sauraro a kunne maƙwabta na barci. Sai dai yana buƙatar batir ko wuta, kuma zugazuginsa ba ya amsa hannu daidai da na iska da ƙarfe.

Kowanne ka tsayar, kada ka yi cinikin biri a sama in da hali. Cire maɗauran zugazugi, ka riƙe shi ba tare da danna kome ba, ka bar ɓangaren bas ya sauka da nauyinsa: mai lafiya a hankali ƙwarai zai buɗe, wanda ya zube nan take yana yoyon iska. Bi kowane madanni da kowane maɓalli a kowace murya, ja da turawa. Ka ba wani ya kaɗa, kai ka koma nesa ka saurara, domin abin da mai kaɗawa ke ji daga bayan kayan ya bambanta da abin da ke isa ga jama'a. In ta intanet za ka saya dole, ka tabbatar a rubuce cewa za ka iya mayarwa, domin girgizar hanya tana iya ɓalle harshe daga kakinsa ko ta cusa maɓallan bas ciki. Ka kuma tambaya ko garantin ya haɗa da sake duba saiti bayan watannin farko, saboda sababbin harsuna sukan ɗan goce kafin su zauna.