Kamfanin da ya zagaya da mu Beijing: abun da ya burge ni da abun da ya ɓata min rai

Wannan rubutun na 'yan uwana ne masu zuwa Chana saro kaya, waɗanda daga Guangzhou sai Yiwu, daga kasuwa sai otal sai ofishin kago sai filin jirgi, shekara da shekaru mutum na shiga ƙasar nan amma bai taɓa ganin babban birninta ba. Mu dai mun ɗauki wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a Beijing, irin masu ba ka mota da direba da ɗan jagora, kuma a gaskiya kuɗinmu ya yi mana aiki, sai dai akwai abu ɗaya da suka yi mana wanda har yanzu in na tuna raina ke sosuwa, zan zo kansa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, dama irinsu suna da yawa kuma kusan tsarinsu ɗaya ne.

Daga Guangzhou jirgin ƙasa mai gudun nan muka hau, tafiyar ta haura kilomita 2,000 amma wajen awa 8 ce, kana zaune kana shan shayinka. A tasha ɗan jagoran ya tarbe mu, matashi ne Musulmi ɗan ƙabilar Hui, yana jin Turanci sosai da ɗan Larabcin makaranta, kuma wannan shi ne abu na farko da zan ce kowa ya nace a kai tun wajen ciniki: ka ce Musulmi kake so. Wanda ba Musulmi ba ma zai yi maka aiki tsakani da Allah, amma maganar lokacin sallah da inda za a yi alwala da abun da za a ci, wanda abun ya shafa shi ke tuna ta tun kafin ka buɗe baki.

Aikin da suka fi yi mana da kyau shi ne tikiti. Fadar tsoffin sarakunan nan da Turawa ke kira Forbidden City ba a zuwa bakin ƙofa a sayi tikiti kawai a shige, ta intanet ake yanka da lambar fasfo, kwana 7 kafin ranar ake sakin tikitin da ƙarfe 8 na dare agogon can, akwai adadin mutanen da ba a wucewa a rana, kuma lokacin hutu kafin ka ce kwabo ya ƙare. Kuɗin ba wani abu ba ne, yuwan 60 daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 lokacin sanyi, samunsa ne aiki. Ranar Litinin kuma a rufe take. Ko filin Tiananmen da ke gabanta sai an yi maka rajista, ga layin bincike, a duba fasfo a duba jaka. Duk wannan tun muna Guangzhou suka karɓi hoton fasfunanmu suka gama, mu dai namu kawai mu miƙa fasfo a wuce. Wanda ba ya jin Sinanci kuma Google da WhatsApp ɗinsa ba sa aiki a ƙasar, wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar kamfani.

Ita fadar kuwa, kai jama'a. Sarki Yongle na daular Ming ne ya sa aka fara gininta a 1406 aka gama a 1420, a 1421 ya dawo da hedikwatar mulki nan daga Nanjing, sarakuna 24 suka zauna a ciki har zuwa na ƙarshe Puyi wanda ya sauka daga mulki a 1912 yana yaro ƙarami, aka bar shi a cikin gidan har 1924 sannan aka fitar da shi, shekarar da ta biyo baya aka mai da wurin gidan tarihi. Ta ƙofar kudu ake shiga a fita ta arewa, tsawon ya kusa kilomita guda, ƙofa bayan ƙofa, fili bayan fili, duk wanda ya wuce sai na gabansa ya fi shi kwarjini, katanga ja rufi ruwan ɗorawa, launin rufin nan kuma na sarki ne shi kaɗai a wancan zamanin. Alhajin da ke cikin tafiyarmu, dattijo ne Bakano, shi ya tuna mana cewa ai a ƙarni ɗaya aka gina ta da Gidan Rumfa, kuma tunanin iri ɗaya ne, baƙo ya ratsa soro bayan soro kafin ya kai gaban sarki, kafin ya isa jikinsa ya riga ya yi sanyi.

A nan na ga amfanin ɗan jagora na gaske, don in kai kaɗai ne za ka yi ta wuce gine-gine kana ɗaukar hoto ba ka san me kake gani ba. Ya tsai da mu gaban wasu manyan randunan ƙarfe da ke gefen babban zauren sarki, kowacce mutum zai iya shigewa ciki ya zauna, ya ce ruwan kashe gobara ake tarawa a ciki tunda ginin duk katako ne, da hunturu kuma a hura wuta a ƙarƙashinsu don kar ruwan ya daskare. Sai ya ce mu matso mu duba jikin ɗaya, duk ga sawun kankara kamar an bi ta da wuƙa, ya ce ruwan zinare ne a jiki, sojojin ƙasashen waje da suka shigo birnin a 1900 suka kankare. Na daɗe tsaye a wurin ina kallon sawun nan. Ya kuma nuna mana inda aka yanke dokin ƙofa a wasu ƙofofin ciki, dogaye ne sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka tsallaka, Puyi ne ya sa aka cire wasu don ya ji daɗin tuƙa kekensa.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Zheng He, babban kwamandan jiragen ruwan Sarki Yongle, ɗan gidan Musulmi ne daga Yunnan, babansa da kakansa duk alhazai. Tafiya 7 ya jagoranta tsakanin 1405 da 1433, jiragensa sun kai har gaɓar gabashin Afirka, Mogadishu da Malindi, har raƙumin dawa aka kawo wa sarki daga can. Yaron nan yana ba da labarin idonsa na ƙyalli, ka san abun yana masa daɗi ne har zuciya, ba haddar aiki ba ce.

In kun fita ta ƙofar arewa kar ku yarda a ce an gaji a wuce mota, ku tsallaka titi ku hau tudun Jingshan, da ƙasar da aka haƙo wajen yin ramin ruwan da ya kewaye fadar aka tara shi, daga samansa ne za ka ga rufin nan gaba ɗaya a shimfiɗe a jere. A gindin tudun ne sarkin Ming na ƙarshe ya rataye kansa a 1644 lokacin da 'yan tawaye suka ci birnin.

Sai unguwar Niujie, wadda ni a wurina ita ce zuciyar tafiyar. Unguwar Musulmi ce, masallacinta tun shekarar 996 aka kafa shi, wato ya girmi ita kanta fadar da sama da shekara 400. Daga waje ba za ka taɓa cewa masallaci ba ne, ginin Sinawa ne sak, rufi mai lanƙwasa, ginshiƙai ja, sai ka shiga ka ga ayoyi da rubutun Larabci an yi su da salon alƙalaminsu, ga wata 'yar hasumiya mai kusurwa 6 da ake hawa duban wata, a bayan harabar kuma ga kaburburan wasu shehunai biyu da suka zo daga ƙasashen Musulmi suka rasu a nan zamanin mulkin Mongol. Alƙibla a can yamma ake kallo, mu da muka saba da gabas sai da Alhaji ya sake tambaya don ya tabbatar. Ɗakin alwala akwai ruwan ɗumi da butoci a jere, tsofaffi da fararen huluna suka yi ta miƙo mana hannu suna sallama, ba ma jin yarensu ba sa jin namu amma aka tsaya sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Wani tsoho ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu ya ƙi saki yana ta magana, ɗan jagora ya ce tambaya yake daga ina, da aka ce Najeriya sai ya yi ta gyaɗa kai yana alhamdulillah. Alhaji bai ce komai ba har muka fito, a mota na ce masa "Ranka ya daɗe lafiya dai?" ya ce "Bari kawai ɗan nan, ashe haka addinin nan ya yi nisa." Kafin ku je dai ku sa a tambaya muku ko a buɗe yake, tsohon gini ne ana yawan yi masa gyara.

Abinci kuma a titin nan ka sake ka ci. Alamar halal a Chana haruffa biyu ne, 清真, galibi a kan allo kore, ka ajiye hotonsu a wayarka. Ɗan jagoran ya kai mu Jubaoyuan, gidan abincin da ya yi suna a titin, layi ne har waje ana ba da lamba, shi ya riga ya aika aka karɓar mana tun muna masallaci. Tukunyar jan ƙarfe ce mai bututu a tsakiya da garwashi a ciki, ruwa na tafasa a kewaye, a kawo naman rago an yanka shi siriri sosai, kai da kanka za ka tsoma da tsinke ka ɗan jujjuya, launinsa na sauyawa ka ciro ka dangwala a miyar riɗi. Ba yaji, ba magi mai yawa, zaƙin naman ne kawai da riɗin, ga wani ɗan burodi mai riɗi a sama da ake kawowa da zafinsa, shi kam sai da muka ƙara oda. Mai son yaji ya taho da nasa a jaka, mu ma da namu muka je. Agwagwar Beijing da ake ta magana ma akwai ta halal, a Ziguangyuan muka ci, fatar na ƙaras-ƙaras, ana naɗe ta cikin wata siririyar waina da albasa da kokwamba.

Babbar Ganuwa sun ba mu zaɓi tsakanin Badaling da Mutianyu, ɗan jagoran ya ce Badaling ta fi cunkoso, muka ɗauki Mutianyu, wajen kilomita 70 daga gari. Akwai keken igiya da ke kai mutum sama, wanda ya taimaki Alhaji sosai saboda gwiwa, amma ko a saman matakalar ba wasa ba ce, wata gajera wata doguwa, ka sa takalmi mai kama ƙasa ka bar silifas a otal. Ginin da ake gani yanzu na zamanin Ming ne, yana bin ƙoƙuwar duwatsu yana hawa yana sauka har ido ya gaza. Abincin halal a wajen ba shi da yawa, tun daga Niujie ya sa muka yi guzuri. Haikalin Tiantan da Fadar Bazara mun leƙa su ma, suna da kyau, amma a gurguje ne.

To yanzu ga inda suka ɓata. A hanyar dawowa daga ganuwa direba ya karkata da mu wani katafaren shagon duwatsun ado, wai mu ga yadda ake sassaƙa su, minti kaɗan. Muna shiga aka rufe mu da 'yan talla, daga wannan ɗaki a tura ka wancan, ƙofar fita sai ka ratsa duk shagon, farashi kuwa mu da kasuwanci ne sana'armu kallo ɗaya muka san an ninka shi ya fi a ƙirga. Fiye da awa guda ta tafi a banza, la'asar ta kusa kuɓuce mana, kuma ba ya cikin abun da muka yi yarjejeniya a kai. Da muka matsa wa yaron sai ya sunkuyar da kai ya ce daga ofis ne, kamfani na da kamasho a kan duk motar da ta tsaya ko an saya ko ba a saya ba. Na ji tausayinsa don a fuskarsa ka san kunya yake ji, amma ba daidai ba ne, kuɗin yini muka biya cikakke. Washegari suka so maimaita mana da gidan shayi muka ce a'a, Alhaji ya kira ofishin da kansa, daga nan ba su sake ba. Don haka tun wajen ciniki a rubuta maka a WeChat cewa babu tsayawa shago ko ɗaya, ko da za su ɗan ƙara kuɗi ka yarda, ya fi maka sauƙi.

Motar tsaf take, direba ba ya latti ko na minti biyar, ba ya shan taba in muna ciki. Kuɗin na mota ne da yini ba na kai ba, in kun kai huɗu ko biyar kuka raba ba zai yi nauyi ba, mutum ɗaya kam zai ji a jikinsa. Ka haɗa katinka da Alipay ko WeChat tun kafin ka iso don ko mai sayar da ruwa waya yake miƙo maka, fasfo kuma kullum a aljihu. Bayin wuraren yawon babu buta, ka riƙe 'yar gorar ruwa da tishu a jaka. In ka sa kaftani da hula ka shirya wa masu neman hoto da kai, musamman 'yan ƙauyukansu da suka zo yawo, yawancinsu da fara'a suke tambaya, in ba ka so ka ɗaga hannu kawai za su bari. Sannan kar ka kuskura ka sa tafiyar a makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne daga ran 1 ga wata, duk Chana a kan hanya take, gara ka bari sai tsakiyar watan lokacin da ake buɗe baje kolin Canton a Guangzhou, ka gama da kasuwa ka hau jirgin ƙasa, amma ka taho da rigar sanyi mai kauri don iskar saman ganuwa ba irin ta Guangzhou ba ce.